Tafiyar wuni ɗaya cikin hamada da mota a lokacin sanyi: wane shiri ake buƙata?

Tambaya: Ina so in fita da iyalina yawon buɗe ido cikin hamada a wannan lokaci na sanyi, mu tafi da safe mu dawo da yamma. Mu biyar ne, ni da maiɗakina da yara biyu da mahaifiyata. Motata mai ɗan tsayi ce, amma ba mai ja da taya huɗu ba ce. Wurin da za mu je yana da nisan kimanin kilomita 180, kuma kilomita 40 na ƙarshe babu kwalta. Abokaina sun ce tunda ba lokacin zafi ba ne, ba wani shiri da ake buƙata. Haka ne?

Amsa: Ɗan'uwa, abokanka sun yi gaskiya a abu ɗaya. Lokacin sanyi shi ne ya fi dacewa a shiga hamada da iyali, kuma da a tsakiyar zafi ka tambaye ni, da na ce ka haƙura. Inda na rabu da su shi ne maganar shiri. Na daɗe ina tuƙi a irin waɗannan hanyoyi, na kuma raka masu zuwa yawo ba adadi, kuma kusan duk wahalar da na gani a lokacin sanyi daga abu ɗaya ta taso: mutum ya fito da shirin wuni, sai dare ya riske shi. Wunin hamada a wannan lokaci daɗi gare shi, iska mai sanyi-sanyi, sama garau, ido yana gani har iyakar ganinsa. Darenta kuwa ba ya wasa da kowa. Saboda haka maganata za ta tsaya ne a kan yadda za ka dawo kan kwalta tun rana tana sama, da kuma abin da za ka ɗauka saboda kwana ɗaya da ba ka yi niyyarsa ba.

Wanda bai taɓa kwana a hamada ba yakan ɗauka zuzuta sanyinta ake yi. Abin da masana suke kira hamada shi ne ƙasar da ruwan saman da take samu a shekara bai kai milimita 250 ba, kuma wannan ma'ana ba ta ambaci zafi ko kaɗan ba. Iskar irin wannan wuri busasshiya ce, sama kuma ba gajimare. Danshin da ke cikin iska da gajimare su ne suke riƙe ɗumin da ƙasa ta sha da rana, kamar yadda bargo yake riƙe ɗumin jiki. Inda babu su, da rana ta faɗi sai ƙasa ta saki zafinta ya wuce sama. Shi ya sa za ka ga ma'auni ya nuna digiri 22 da azahar, kafin asuba ya sauko zuwa digiri 2, wani lokaci har ƙasa da sifili. Ga kuma tudu: duk mita 1,000 da ka hau, sanyi yana ƙaruwa da kimanin digiri 6 da rabi, kuma yankunan hamada da yawa a kan tudu suke, ko da ido yana ganin su a shimfiɗe. Garin Ain Sefra na ƙasar Aljeriya, a bakin Sahara ta arewa, yana kan tsayin kusan mita 1,000, kuma dusar ƙanƙara ta sauka a kan rairayinsa a 1979, ta sake sauka a 2016 da 2018. A hamadar Gobi, tsakanin Sin da Mongoliya, sanyi yakan kai digiri 40 ƙasa da sifili. Don haka idan za ka duba hasashen yanayi, ka duba na wurin da za ka je, kuma adadin da ya fi muhimmanci shi ne na tsakar dare.

Yanzu mu yi lissafi da alƙaluman da ka bayar, domin a nan ne mutane suka fi ruɗin kansu. A yankunan da ke wajen digiri 30 daga layin da ya raba duniya biyu, inda manyan hamada da yawa suke, hasken rana a ƙarshen Disamba bai wuce awa 10 da 'yan mintuna ba, dare kuwa ya kusa awa 14. A kudancin duniya, kamar Namib da Atakama da tsakiyar Ostireliya, a watan Yuni ake samun haka. Kilomita 140 na kwalta za su ci maka awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Kilomita 40 ɗin nan na ƙarshe, kada ka yarda da lokacin da taswirar waya ta ba ka. Ka ƙiyasta su a kan gudun kilomita 30 a awa, wato kusan awa ɗaya da rabi. In ka haɗa da tsayawar da ba makawa sai an yi da yara da dattijuwa a mota, zuwa kaɗai awa uku da rabi ne, dawowa ma haka. Awa bakwai ke nan daga cikin goma. Ukun da suka rage ma ba duka ne naka ba, domin dole ka ware wani abu saboda faci ko kafewa ko ɓatan hanya.

Ka yanke lokacin juyowa tun kana gida, ka kuma faɗa wa kowa a mota don kada a yi gardama a can. Idan kun tashi ƙarfe 7 na safe, to ƙarfe 1 na rana ku juyo, kun isa ko ba ku isa ba. Da haka za ku hau kwalta wajen 2 da rabi, kuna da sama da awa biyu a hannu kafin rana ta faɗi, kuma wannan rarar ita ce za ta cece ku in taya ta yi faci a hanyar burji. Akwai wata dabara ta auna abin da ya rage: ka miƙa hannunka iya tsawonsa, ka jera yatsunka tsakanin rana da inda ƙasa ta haɗu da sama. Kowane yatsa kusan minti 15 ne. Bayan faɗuwar rana kuma hasken da ke saura bai kai rabin awa ba.

Na san nauyin wannan magana domin ni ma na taɓa karya ta. Wata shekara na raka waɗansu baƙi, lokacin juyowa ya yi, suka roƙe ni in ƙara musu rabin awa su ɗauki hotuna. Na ƙara. A hanyar dawowa na so in rama lokacin, na yanke ta wani gefe da ban saba bi ba, motar ta kafe a yashi wajen la'asar. Muka yi ta haƙa har gumi ya jiƙa mana riguna sharkaf, kuma ba mu fitar da ita ba har duhu ya rufe. Sanyin da na ji a wannan dare, jiƙaƙƙiyar rigar da ke jikina ce ta jawo rabinsa, domin ba ni da wata ta canji. Da gari ya waye, ruwan da muka bari a kwano a waje ya yi ɓawon ƙanƙara a sama. Cikin minti 20 muka fitar da motar da safe, saboda yashin ya yi sanyi ya ɗan kama jikinsa, mu kuma hankalinmu ya dawo. Tun daga ranar ban sake fita ba tare da busassun kaya a leda ba, ban kuma sake ƙara wa kowa rabin awa ba.

Wani abu da ba a cika tunawa da shi ba shi ne inda rana za ta kasance. A lokacin sanyi ba ta hawa tsakiyar sama sosai, tana daɗewa a ƙasa-ƙasa safe da yamma. In wurin da za ka je yana gabas da kai, za ka tafi rana tana idonka, ka dawo tana idonka, kuma gilashin da ya sha ƙura yakan koma fari fat in haske ya buge shi. Ka wanke gilashin ciki da waje, ka cika tankin ruwan wanke shi, ka ɗauki tabarau mai duhu. Da sassafe kuma ka yi hattara da hazo, da ƙanƙara mai santsi da takan kwanta a kan gada da kwanar da ke cikin inuwar dutse idan daren ya sauka ƙasa da sifili.

Maganar mota kuwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka kai ta wurin makanike saura kwana uku ko huɗu, don in akwai gyara a samu lokacin gwada shi. Batir shi ne na farko. Zafi ne yake cinye batir a hankali, amma sanyi ne yake tona asirinsa, domin a digiri sifili batir yakan rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa, a daidai lokacin da man inji ya yi kauri yake neman ƙarin ƙarfi kafin ya juya. Batirin da ya haura shekara uku, a auna shi. Na biyu lagireto: in ruwa zalla kake zubawa, a juye shi a sa ruwan sanyaya inji na gaskiya, wanda ake haɗawa rabi da rabi, domin ruwa yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100 idan ya daskare, kuma wannan kumburi ya isa ya tsaga lagireto. A duba fambel da robobin ruwa, a kuma kunna hita a tabbatar tana aiki, domin mutane da yawa sai ranar da suka buƙace ta suke gane ta daɗe da mutuwa. In motar mai dizal ce kuma za ku hau tudu mai tsananin sanyi, ka sani dizal yakan yi kauri ya toshe matata.

Mai kuma, ka lissafa hanyar da ba kwalta ninki biyu. Kilomita 80 na zuwa da dawowa ka ɗauke su 160, ka haɗa da 280 na kwalta, ya zama 440. Motar da ke shan lita 9 a kilomita 100 za ta buƙaci kusan lita 40. Ka cika tanki a gidan mai na ƙarshe ko da rabi kawai ya sauka, kada ka dogara da wanda taswira ta nuna a gaba, domin kana iya tarar da shi a rufe.

Tayoyi su ne inda zan ɗan daɗe, domin su ne suke kai mutum su dawo da shi. Ka duba safaya da idonka, ka auna iskarta, ka gwada jak da sifana a gida ka tabbatar notocin suna kwancewa. Ka ɗauki katako mai faɗi da za ka ɗora jak a kai, in ba haka ba jak ɗin ne zai nutse a yashi motar tana nan inda take. Sai shebur, da geji, da ƙaramin famfon iska mai aiki da batirin mota. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, balle a wurin da za ka yi awa uku ba ka ga mota ta wuce ba. Iskar taya tana raguwa da sanyi, kusan awo ɗaya a ma'aunin iskar taya, wato PSI, duk digiri 5 ko 6, saboda haka ka auna da safe kafin tayar ta ɗumama. A kan kwalta ka bi abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, galibi tsakanin 32 da 35. In ka sauka kan burji mai gargada, ka rage zuwa wajen 28, motar za ta daina tsalle, duwatsu masu kaifi kuma ba za su huda tayar da sauƙi ba. In ka tarar da yashi mai laushi da ba yadda za a kauce masa, ka tsaya tun kafin ka shiga, ka taka shi da ƙafa ka ga zurfinsa da tsawonsa, sannan ka sauke iskar zuwa 18 ko 20. Tayar da aka rage wa iska tana shimfiɗuwa ta yi tsawo a ƙasa, sai nauyin mota ya bazu, ta riƙa bi ta kan yashin maimakon ta haƙa shi. Amma da irin wannan iska kada ka wuce kilomita 40 a awa, kada kuma ka karya sitiyari da ƙarfi, tayar tana iya zamewa daga rim.

A cikin yashi ka sa giya ta biyu, ka riƙe totur daidai wa daida, ba birki ba canjin giya har ka fita. Idan ka ji tayoyi sun fara juyawa motar ba ta motsi, ka ɗage ƙafarka nan take. Mafi yawan motocin da na taimaka aka ciro, direbobinsu ne suka binne su da totur har cikin motar ya zauna a ƙasa. Ka fito, ka sauke kowa, ka haƙe yashin gaba da bayan tayoyin da ke ja, ka ƙara rage iska zuwa 15, ka miƙar da sitiyari, ka cusa katako ko shimfiɗar ƙafa ta mota a ƙarƙashin taya, sannan ka yi ribas a hankali a kan sawunka, domin yashin da ka riga ka taka ya fi ƙarfi. Tudun rairayi kuwa, da motarka kada ka ko gwada. Ku ajiye ta a wuri mai tauri ku hau da ƙafa. Kuma ka tsaya a kan sawun da aka saba bi. Ban da tsaron kanka, fatar ƙasar hamada ba ta warkewa da wuri: a hamadar Mojave ta Amurka har yau ana ganin sawun tankokin yaƙin da sojoji suka yi atisaye da su a shekarun 1940.

Akwai wani abu da ya faru a Disamban 1998 kusa da tafkin Eyre a Ostireliya, wanda duk mai koyar da tuƙin hamada yake tunawa. Waɗansu baƙi biyu daga Turai, mace da namiji, motarsu ta kafe a yashi. A can lokacin zafi ne, amma darasin bai bambanta ba. Da farko tare suka kama hanya da ƙafa, sai namijin ya koma wurin motar ya zauna, inda akwai ruwa da inuwa, aka same shi da rai. Matar ta ci gaba da tafiya da ƙafa neman taimako, ta rasu a hanya. Da jami'an ceto suka iso, iskar tayoyin suka rage, suka ɗan haƙe yashi, motar ta fito cikin mintuna. Abin yana taɓa ni duk lokacin da na tuna, domin abin da zai cece ta yana nan a jikin tayar, ba ta dai san shi ba ne. In motarka ta tsaya, ku zauna a wurinta. Daga sama ko daga nesa ana hango mota, mutum mai tafiya kuwa ɗigo ne. Ita ce kuma ɗakinku da dare.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne ruwa yana cikin manyan masu kisa a hamada, kuma a yankuna da yawa, kamar arewacin Sahara da arewacin ƙasar Larabawa da Mojave, a watannin sanyi ne ɗan ruwan da suke samu yake sauka. Ƙasar ba ta shan ruwa da sauri, ba kuma ciyayin da za su tare shi, sai ya gangaro daga duwatsu ya taru a busassun rafuka. Ana iya yin ruwan a kan dutse mai nisan kilomita 30, kai kana cikin rana tsaka, sai ka ji ƙugi, ruwa ya taho da laka da itace da duwatsu. A Oktoban 2018 irin wannan ambaliya ta kashe mutum 21 kusa da Mataccen Teku a ƙasar Jodan, yawancinsu 'yan makaranta da suka fita yawon wuni ɗaya, kuma bayan mako biyu sai da aka kwashe dubban baƙi daga tsohon birnin Petra saboda wata. Busasshen rafi yana jan hankali, ga yashi mai laushi ga 'yar inuwa ga kariya daga iska, amma kada ku ajiye mota ko ku shimfiɗa tabarma a cikinsa. In kuka tarar da ruwa yana gudu a kan hanya, ku jira. Mai zurfin santimita 15 yana kayar da babban mutum, mai santimita 30 yana ɗaga ƙaramar mota, mai 60 kuwa har manyan motoci yana tafiya da su. Yawanci cikin 'yan awanni yake janyewa. Haka nan farin fili mai gishiri da ke kama da siminti: bayan ruwan sama ɓawo ne kawai a sama, ƙarƙashinsa laka ce mai haɗiye mota har ƙofa.

In guguwar ƙura ta taso har ka daina ganin gabanka, ka sauka daga kan hanya gaba ɗaya, ka ja birkin hannu, ka kashe duk fitilu, ka ɗauke ƙafarka daga birki. Dalili shi ne mai zuwa a baya yana bin jar fitila ne, yana zaton kana tafiya, sai ya afka maka. Dabbobi kuma su ne babban dalilin da ya sa ba na son ko kwaltar ma ka yi ta cikin duhu. Raƙumi yana kai kilo 500, launinsa launin ƙasa ne, ƙafafunsa dogaye, mota takan share ƙafafun ne gangar jikin ta faɗo ta gilashin gaba.

To, a ce duk da haka dare ya kama ku. Ga abin da ya kamata ya kasance a but. Ruwa lita 4 ga kowane mutum a wuni, ku biyar lita 20 ke nan, sai ka ninka saboda kwana ya zama 40, a jarka biyu ko fiye don in ɗaya ta fashe a sami ɗaya. Sanyi yana danne ƙishirwa, busasshiyar iska kuma tana jan ruwan jiki ta numfashi, don haka ka riƙa ba yara da Mama ruwa ko ba su nema ba. Bargo ɗaya ga kowa, da rigar sanyi mai tare iska, da hula mai rufe kunne, da safa, da busassun kayan canji a leda. Abincin da ba ya buƙatar dafawa na wuni biyu, da abin sha mai zafi a fulas. Tocila, ashana, madubi, akwatin taimakon farko, da maganin da Mama take sha kullum, na kwana biyu ƙari a kan na ranar. Waya kuma ka sauke taswirar yankin a cikinta tun a gida, domin na'urar gano wuri tana aiki da tauraron ɗan'adam ko babu sabis, amma taswirar ba za ta buɗe ba. Sanyi yana zuƙe batirin waya, ka ajiye ta a aljihun ciki kusa da jiki.

Ku sa kayan sanyi tun kafin rana ta faɗi, domin riƙe ɗumin jiki ya fi sauƙi a kan dawo da shi. Wanda ya yi gumi ya canza riga. Ku taru a cikin mota ku matsu da juna, yara a tsakiya. Ka kunna inji da hita minti 10 a kowace awa, wannan bai fi lita biyu ko uku ba a dukan daren. Amma kafin ka kunna, ka tabbatar yashi bai toshe bakin salansa ba, ka ɗan sauke gilashi kaɗan, kuma kada kowa ya yi barci inji yana aiki. Hayaƙin mota yana ɗauke da wata iska mai guba marar wari marar launi, mai sa barcin da ba a farkawa. Kada kuma a shigo da garwashi ko risho cikin mota saboda wannan dalili.

Mama da yaran su ne za ka fi sa wa ido. Jikin tsoho ba ya samar da ɗumi kamar na matashi, kuma sau da yawa ba ya jin sanyin yadda yake, yaro kuwa ƙaramin jikinsa yana saurin hucewa. Idan ɗumin cikin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35, an shiga haɗari. Rawar ɗari alama ce ta farko, kuma tana nuna jiki yana kokawa. Abin tsoro shi ne ka ga magana ta fara sarƙewa, hannu ya kasa riƙe abu, mutum ya rikice ko ya yi ta gyangyaɗi, ko rawar ɗarin ta tsaya alhali sanyi bai ragu ba. In ka ga haka, ka cire masa duk abin da ya jiƙe, ka rungume shi a cikin bargo, ka fara ɗumama ƙirji da ciki kafin hannu da ƙafa, ka ba shi abin sha mai ɗumi da zaƙi in yana cikin hayyacinsa.

Duk wannan zaman jira yana da amfani ne idan akwai mai neman ku. Kafin ka fita, ka samu mutum ɗaya mai hankali da ba ya mantuwa, ka rubuta masa hanyar da za ku bi, da launin mota da lambarta, da yawanku, da lokacin da ya kamata ya ji daga gare ku. Ka ce masa in ƙarfe 7 na dare ta yi bai ji ba, ya sanar da hukuma, kada ya jira safiya. Daga nan kuma kada ka canza hanya, ko da wani ya nuna maka wadda ta fi kusa, domin inda ka rubuta can za a nufa. In kana da halin samun na'urar kiran agaji ta tauraron ɗan'adam, ko ta aro ce, ka ɗauka. Waɗansu sababbin wayoyi ma suna iya aika saƙon gaggawa ta wannan hanya, amma ba a kowace ƙasa ba, sai ka bincika tun da wuri. Da gari ya waye ka ɗaga bonet, ka shimfiɗa kaya masu launi a kan rufin mota, ka riƙa haska madubi.

Shawarata game da tafiyarka ita ce ku je. Motarka za ta iya kilomita 40 ɗin nan idan hanyar burji ce da motoci suke bi kullum, kuma wannan sai ka tambayi wanda ya bi ta a cikin makon, domin ruwa ɗaya yana canza hanya. In aka ce maka akwai dogon yashi a tsakani, ka nemi mota mai ja da taya huɗu, ko ku tsaya inda hanya mai tauri ta ƙare ku yi yawonku a nan. In za ka samu ɗaya daga cikin abokan nan naka ya biyo ku da tasa motar, ya fi duk kayan da na lissafa. In hasashe ya nuna ruwa a ko'ina cikin yankin, ko iska mai ƙarfi, ka ɗage zuwa wani mako. Kuma idan Allah ya dawo da ku bakin kwalta, ka tsaya a gefe ka mayar wa tayoyi iskarsu kafin ka ƙara gudu, domin taya mai ƙarancin iska tana zafi ta fashe a kan titi. Da sabis ya dawo, ka kira mutumin nan ka ce masa kun fito.